Turu, Allo da Takardar Digiri: Tarihin Kula da Masu Taɓin Hankali a Birnin Kano

Unguwar Mandawari tana cikin ganuwar birnin Kano, yamma da Gidan Rumfa, a kan hanyar da ta nufi Ƙofar Kabuga, kuma a tsarin mulki na yau tana cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Gwale tare da Goron Dutse da Galadanci da Diso da Ɗandago. Daga wannan unguwa babu nisa zuwa kusan dukkan wuraren da Kanawa suka riƙa kai mai taɓin hankali a zamani daban-daban, wato zaurukan malaman cikin gari, da rumfunan masu saiwa da sassaƙe a Kasuwar Kurmi, da gidan yarin Kurmawa, da asibitin masu taɓin hankali na Goron Dutse, da Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata, har zuwa tsohon mazaunin Jami'ar Bayero da ke bayan ganuwa. Wannan kusanci ya sa unguwar ta dace a auna wani fannin ilimi da ya bayyana a jami'o'in duniya a farkon wannan ƙarni, wanda ake kira lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya baki ɗaya, ake kuma ba da digiri na biyu a kansa. Fannin yana nazarin yadda za a kai magani ga masu larurar ƙwaƙwalwa a ƙasashen da likitocinsu ba su taka kara sun karya ba, kuma amsar da ya tsaya a kai, cewa dole a yi maganin a cikin jama'a da hannun waɗanda ba ƙwararrun likitoci ba, amsa ce da ke da dogon tarihi a Nijeriya, da alherinta da kuma sharrinta.

Abu na farko da ya tsara matsayin mahaukaci a birnin Kano shi ne fiƙihu. Tarihin Kano ya nuna zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, da zuwan Shehu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, kuma tun daga lokacin mazhabar Malikiyya ta kafu a zaurukan birnin, inda ɗalibai suka riƙa bin Risala da Askari da Muhtasar baki da baki a gaban malamai. Waɗannan littattafai ba su bar sha'anin wanda hankalinsa ya gushe a duhu ba. An ɗauke masa alƙalami, ma'ana ba a tuhumarsa da barin salla ko azumi a lokacin da ba ya cikin hayyacinsa, cinikinsa ba ya ƙulluwa, sakinsa ba ya aukuwa, kuma idan ya yi kisa ba a yi masa ƙisasi, sai dai diyya ta hau kan danginsa na wajen uba. Dukiyarsa ba ta zama ganima ba, domin shari'a ta tanadi abin da ake kira hajru, wato hana mutum sarrafa dukiyarsa da kansa tare da ɗora kula da ita a kan waliyyi, wanda zai ciyar da shi daga ciki, ya kuma fitar masa da zakka. Malaman sun bambanta haukan da ba ya sakin mai shi da wanda yake zuwa yana tafiya, suka ce abin da mutum ya aikata a lokacin da ya farfaɗo yana da hukuncin aikin mai hankali. A babin aure kuwa, hauka na cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin rabuwa, sai dai idan miji ne ya kamu, alƙali yakan jinkirta masa shekara guda domin a nemi magani kafin a raba auren. Wannan jinkiri na shekara yana ɗauke da wata fahimta mai muhimmanci, cewa hauka cuta ce da ake sa ran ta warke.

Abin lura shi ne cewa duk waɗannan hukunce-hukunce sun jingina nauyin mara lafiya ne a kan gida. A wasu biranen Musulmi an gina asibitoci da dukiyar waƙafi masu ɗakuna na musamman domin mahaukata, kamar wanda Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, amma a Kano uwa da uba da 'yan'uwa ne asibitin, mai unguwa da alƙali kuma ba sa shiga sai idan an yi ɓarna ko rikicin dukiya ya taso. Wanda larurarsa ba ta kai ga duka ba akan bar shi ya zaga unguwa, ana ba shi tuwo sadaka, yara suna tsokanarsa, manya suna kwaɓarsu. Wanda ya kai ga jifa da duka ko yunƙurin faɗawa rijiya kuwa, akan sa shi a turu, wato gungumen itace mai nauyi da aka huda aka zura ƙafar mutum a ciki, ko kuma a ɗaure shi da mari, wato ƙarfen da maƙeri ya ƙera domin ƙafa. Bai kamata a yi wa wannan zamani kwalliyar da ba ta same shi ba: turu azaba ne, yana cin ƙafa har ta yi gyambo, kuma mutum yakan shafe shekaru a ciki. Sai dai adalci ne a ce iyalin da suka sa ɗansu a turu ba su da wani abu a hannu da zai kwantar da shi, domin maganin da ke yin wannan aiki bai bayyana a duniya ba sai a tsakiyar ƙarni na 20.

Neman waraka kuwa ya bi hanyoyi uku da suka daɗe suna cuɗanya da juna, ko da yake masu su ba kasafai suke yarda da hakan ba. Malamin zaure yana yin rubutu a allo a wanke a sha, yana tofi, yana ba da laya da turaren hayaƙi, bisa fahimtar cewa aljani ne ya shafi mutum, ko an yi masa sammu, ko kuwa jarrabawa ce kawai daga Allah. Wannan ilimi yana da rubutattun littattafai, domin shugabannin jihadi da kansu sun yi talifi a kan magani: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya bar rubuce-rubuce da dama a kan maganin Annabi da wasu cututtuka, kamar yadda Isma'il Abdalla ya nuna a littafinsa na 1997 kan Musulunci da magani a Arewacin Nijeriya. Boka da mai magani suna aiki da saiwa da ganye da sassaƙe, na sha da na wanka da na shaƙa. Hanya ta uku ita ce bori, kuma ita ce ta fi bambanta da sauran a manufa, domin malam yana neman ya kori aljani ne, 'yan bori kuwa suna neman su sasanta mara lafiya da iskar da ta kama shi. Ana yin haka ta hanyar girka, wato keɓe mutum na wasu kwanaki ana ba shi magunguna, ana kiɗan garaya ko goge ana kiran iskoki da kirarinsu, irin su Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Inna da Malam Alhaji, har a gane wanda ya hau shi. Daga nan mara lafiyar ya zama doki ko goɗiyar wannan iska, ya kuma shiga wata jama'a da ba ta ƙyamar abin da ya same shi. Malamai sun yi tir da bori tun zamanin jihadi, hukumomi kuma sun sha hana shi, amma bai ɓace ba, kamar yadda binciken Joseph Greenberg a cikin Maguzawan ƙasar Kano, wanda aka buga a 1946, da na Fremont Besmer na 1983 suka tabbatar, haka kuma binciken Jacqueline Monfouga-Nicolas na 1972 a ƙasar Maraɗi.

Da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, abin da suka ƙara a kan wannan tsari shi ne tsarewa. Gidajen mahaukata na farko na gwamnatin mulkin mallaka an buɗe su ne a kudu, a Kalaba a 1904 da Yaba ta Legas a 1907, sannan aka kafa dokar mahaukata ta 1916, wadda ta ba majistare ikon tsare mutum idan likita ya sa hannu cewa ba shi da hankali. Dokar ba ta damu da warkarwa ba, abin da ya dame ta shi ne kawar da wanda ke tayar da hankalin jama'a daga kan titi. A Arewa, inda aka yi mulki ta hannun sarakuna, nauyin ya faɗa kan En'e, wadda ta riƙa ajiye irin waɗannan mutane a gidajen yari ko a wasu ɗakuna da ke maƙale da su, ƙarƙashin kulawar gandirobobi. Likitan da gwamnatin Ingila ta turo ya duba lamarin a Afirka ta Yamma, Cunyngham Brown, ya ba da rahoto a 1938 wanda ya nuna munin waɗannan wurare, amma gwamnati ba ta ga dalilin kashe kuɗi a kan mutanen da ba sa biyan haraji ba. Ban da rowa, akwai kuma wani ra'ayi da ya yi ƙarfi a tsakanin likitocin mulkin mallaka, wanda J. C. Carothers ya fi kowa yaɗa shi a littafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga masa a 1953, cewa ƙwaƙwalwar baƙar fata daban take da ta Bature, kuma ciwon damuwa mai tsanani ba ya cika kama ɗan Afirka. Wanda ya san yawan kalmomin da Hausa ke da su na baƙin ciki da ɓacin rai da ƙuncin zuciya zai gane cewa wannan hukunci ya fito ne daga mutanen da suka ƙidaya waɗanda 'yan doka suka kamo kawai, domin mai damuwa ba ya jifa a kasuwa, yana kwance ne a ɗaki.

Wanda ya fara rushe wannan ra'ayi da hujja ɗan Nijeriya ne, Thomas Adeoye Lambo, mutumin Abekuta, wanda ya yi karatun likita a Birmingham, ya kuma ƙware a kan cututtukan ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley da ke Landan. Ya dawo gida ba da jimawa ba bayan an gano a Faransa, a 1952, cewa maganin da aka fi sani da Largactil yana kwantar da mai hauka tuburan ba tare da ɗauri ba. A watan Oktoban 1954, tun ba a gama ginin asibitin Aro da ke Abekuta ba, Lambo ya shirya da dagatan ƙauyukan da ke kewaye cewa marasa lafiya za su kama haya a gidajen mutanen ƙauye, kowanne tare da wani ɗan'uwansa da zai kula da shi, su riƙa zuwa asibiti da rana ana ba su magani, da yamma su koma cikin jama'a. Ya kuma jawo wasu masu maganin gargajiya cikin aikin, abin da abokan aikinsa da yawa suka ɗauka zubar da mutuncin likitanci ne. Tsarin ya yi arha, iyalai sun amince da shi, kuma sunan Aro ya zaga duniya. A 1961 aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abekuta, a 1963 kuma aka buga binciken da Lambo ya yi da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell, wanda ya nuna cewa damuwa da fargaba suna nan a ƙauyukan Yarbawa kamar yadda suke a ƙauyukan Kanada. Ibadan ta shiga cikin cibiyoyi 9 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zaɓa a ƙarshen shekarun 1960 domin kwatanta cutar da likitoci ke kira sikizofireniya, wato larurar da ke sa mutum jin muryoyi da gaskata abin da babu shi, kuma sakamakon ya ba masana mamaki, domin marasa lafiyar Ibadan sun fi na biranen Turai samun sauƙi bayan shekaru. Lambo kansa ya zama mataimakin shugaban hukumar daga 1973 zuwa 1988. A ɓangaren ƙasashen renon Faransa, Henri Collomb ya yi makamancin wannan aiki a asibitin Fann da ke Dakar.

Horar da ƙwararru a cikin gida ya biyo baya sannu a hankali. An kafa ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya a 1969, da kwalejin likitoci ta Afirka ta Yamma a 1976, da kwalejin horar da manyan likitoci ta ƙasa a 1979, kuma ta hannun waɗannan kwalejoji biyu ne likita yake zama ƙwararre: bayan digirinsa na farko da aikin gwaji da hidimar ƙasa, sai ya shafe shekaru 5 ko 6 yana aiki a asibitin koyarwa, yana cin jarrabawa mataki-mataki, ya kuma rubuta kundin bincike. Arewa ta shiga wannan layi a makare. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, Jami'ar Bayero ta tsaya da ƙafafunta a 1977, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuwa sai a 1988 aka kafa shi, kuma shi ne ya ba Kano sashen da ke horar da likitocin ƙwaƙwalwa. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Arewa sun daɗe suna guda uku, a Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, yayin da Kano ta dogara da asibitocin Goron Dutse da Dawanau, har sunan Dawanau ya zama abin zolaya a bakin Kanawa. Duk da wannan ƙoƙari na shekaru masu yawa, ƙungiyar likitocin ta sha bayyana cewa mambobinta da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba ga mutane fiye da miliyan 200, kuma da yawa daga waɗanda aka horar suna ficewa zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya. Lissafin a bayyane yake: ko da an ninka yawan masu kammala horon sau da yawa, ba za a kai ga ranar da kowane mai larura a lungunan Mandawari zai ga ƙwararren likita ba.

Daga irin wannan lissafi ne sabon fannin ya taso. A 1993 Bankin Duniya ya fito da wani ma'auni da ke ƙidaya shekarun lafiya da cuta ke cinye wa mutum, ko ta kashe shi ko ta naƙasa shi, maimakon ƙidaya gawarwaki kaɗai, kuma da aka auna cututtukan duniya da shi sai ciwon damuwa ya fito cikin manyan masu ɓarna, abin da ya sa masana tattalin arziki suka fara sauraron likitocin ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta keɓe rahotonta na 2001 ga wannan batu, mujallar Lancet ta buga jerin maƙaloli a 2007 waɗanda Vikram Patel na Indiya da Martin Prince na Ingila suke cikin jagororinsu, a 2008 kuma hukumar ta ƙaddamar da shirin mhGAP, ta biyo shi a 2010 da littafin jagora wanda ke koya wa ma'aikacin ƙaramin asibiti yadda zai gane damuwa da hauka da farfaɗiya da shaye-shaye, ya ba da magani na farko, ya kuma san lokacin da zai tura mara lafiya gaba. Kalmomi biyu ne suka zama ginshiƙin fannin. Ta farko ita ce giɓin magani, wato tazarar da ke tsakanin yawan masu larura da yawan waɗanda suka sami kulawa. Ta biyu ita ce raba aiki, wato sauke wani ɓangare na aikin ƙwararre a kan malaman jinya da ma'aikatan lafiya na unguwa, har ma da tsofaffin mata kamar yadda Dixon Chibanda ya gwada a Harare ta Zimbabuwe, shi kuma ƙwararren ya koma mai horarwa da sa ido.

Karatun digiri na biyu a wannan fanni ya fara ne a Birtaniya. Makarantar nazarin tsafta da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan da Kwalejin King's sun kafa cibiyar haɗin gwiwa a 2009, suka fara ba da digirin a 2012, Jami'ar Glasgow ma ta buɗe nata. Karatun na shekara guda ne, kuma ba ya mayar da mutum likita ko ba shi lasisin duba mara lafiya. Abin da ake koyarwa shi ne ilimin ƙididdigar yaɗuwar cuta a cikin al'umma, da yadda ake gwada ko wata hanyar magani tana aiki ta hanyar raba mutane gida biyu da ƙuri'a a kwatanta sakamakonsu, da tsara manufofin gwamnati da kasafin kuɗi, da haƙƙin marasa lafiya, sannan ɗalibi ya rubuta kundi. Saboda haka ƙofarsa a buɗe take ga malamin jinya da masanin halayyar ɗan'adam da jami'in jin daɗin jama'a, ba ga likita kaɗai ba, sai dai kuɗin makarantar ya fi ƙarfin ma'aikacin gwamnatin jiha nesa ba kusa ba, in ba ya sami tallafin karatu irin na Commonwealth ko Chevening ba. Akwai abin dubawa a cikin wannan: ɗan Kano ya tafi Landan ya biya fam dubbai domin a koya masa darasin da aka fara gwadawa a ƙauyukan Aro tun kafin 'yancin kai. Masu suka irin su Derek Summerfield da China Mills sun ƙara da cewa fannin yana iya zama hanyar tallata rabe-raben cututtuka na Turai da ƙwayoyin kamfanoni, yana mayar da talauci da zalunci cutar da ake sha wa magani. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta da abin da za ta ce wa uwar da ɗanta ke ɗaure a ɗaki.

A Nijeriya, Ibadan ce ta sake zama cibiya. Oye Gureje ya jagoranci babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na ƙasa a farkon shekarun 2000, kuma rahoton da aka buga a 2006, wanda ya ƙunshi mutane kusan 5,000 a yankunan masu jin Yarbanci, ya nuna cewa kimanin kashi 12 cikin 100 sun taɓa fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma ko a cikin masu larura mai tsanani waɗanda suka sami magani ba su kai 1 cikin 10 ba. A Jami'ar Ibadan ne kuma Olayinka Omigbodun ta kafa cibiyar da ke ba da digiri na biyu a kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa, wadda ke karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama. Hujjojin da Nijeriya ta ba duniya a wannan fanni, daga Aro zuwa yau, akasarinsu an tattara su ne a ƙasar Yarbawa, kuma ba daidai ba ne a ɗauka cewa abin da aka gani a can zai zauna daram a birnin da mata da yawa ke cikin kulle, inda kuma malamin zaure yake da matsayin da babalawo, wato bokan Yarbawa, ba shi da shi a Ibadan. Binciken da malaman Jami'ar Bayero, cikinsu har da Zubairu Iliyasu, suka yi a ƙauyen Karfi kusa da Kano, aka buga a 2004, ya nuna amfanin tambayar mutanen wuri: da aka tambaye su abin da ke jawo taɓin hankali, shaye-shaye suka sa a gaba, kafin ƙaddara da aljanu, kuma waɗanda suka zaɓi asibiti sun fi waɗanda suka zaɓi maganin malamai yawa. Wannan ya saɓa wa zaton da aka saba yi cewa jahilci ne ke hana Bahaushe zuwa asibiti, alhali sau da yawa nisa ne da tsada da layi.

Shekarun da fannin ke tasowa a waje su ne kuma shekarun da lamarin ya sauya kama a cikin birnin. Daga tsakiyar shekarun 1990, lokacin da aka yi ta samun 'yan mata a makarantun sakandaren Kano suna faɗuwa ana cewa aljanu ne, ruƙiyya ta bunƙasa, wato karanta ayoyin Alƙur'ani a kan mara lafiya domin fitar da aljani, aka buɗe cibiyoyin maganin Musulunci masu allon talla da katin ganin malam, suna sayar da habbatus sauda da man zaitun da zuma. A gefe guda kuma shan wiwi da sholisho da tiramol da maganin tari mai kodin ya yawaita a tsakanin matasa, har da matan aure. Rahoton BBC na 2018 kan kodin, wanda ya nuna matasa a ɗaure a wata cibiyar gyaran hali a Kano, ya sa gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tarin da shigo da shi cikin 'yan kwanaki, binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2019 kuma ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne suka yi amfani da ƙwaya a shekara guda. Iyayen da suka rasa yadda za su yi sun koma ga gidan mari, wato makarantar da ake kai kangararru a ɗaure su ana koya musu karatu, inda ake haɗa ɗan ƙwaya da ɓarawon gida da mai ciwon hauka na gaskiya a ɗaki ɗaya. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fasa irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da tabon duka da sarƙa a ƙafa, aka biyo da Daura a watan Oktoba, gwamnatin Kano ma ta rufe wasu. Rahoton Human Rights Watch na wannan shekara ya nuna cewa ɗaurin bai tsaya a gidajen malamai ba, ana yin sa a coci-coci da cibiyoyin gwamnati. Rufe gidajen ya zama dole, amma bai amsa tambayar da ta sa iyaye suka kai 'ya'yansu can da kuɗinsu ba.

Amsa mafi ƙarfi da bincike ya bayar ya zuwa yanzu ita ce gwajin da Gureje da abokan aikinsa suka yi a Ibadan da Kumasi ta Gana, wanda Lancet ta buga a 2020. An haɗa masu maganin gargajiya da na addini da ma'aikatan ƙananan asibitoci, ma'aikacin yana ziyartar mara lafiya a gidan mai maganin yana ba shi ƙwayar asibiti, mai maganin kuma yana ci gaba da addu'arsa, kuma bayan wata 6 waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi sosai. Kano tana da kayan aikin da irin wannan tsari ke buƙata, domin tana da makarantun horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko, da ƙananan asibitocin sha-ka-tafi a unguwanni, da masu unguwanni da limamai waɗanda aka riga aka ga tasirinsu a yaƙi da cutar shan inna bayan turjiyar ƙin rigakafi ta 2003. Manufar gwamnatin tarayya ta 1991 ta riga ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci, aka sabunta ta a 2013, ko da yake takardar ta fi aikin yawa. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, magajiyar ta 1916. Sabuwar dokar ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya, da asusun kuɗi, da sharuɗɗan da za a cika kafin a kwantar da mutum ba da son ransa ba, sai dai ƙananan asibitocin da ake sa ran su ɗauki aikin suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi ne, kuma a can ne ake yanke shawarar wanda za a tura horo da maganin da za a saya a ajiye a kanta.